Maganin shafawa bayan ɗaukewar haila: Amurka ta janye gargaɗi, hankali ya rage ga mai amfani

Ran 10 ga watan Nuwamba na shekara ta 2025, hukumar da ke lura da abinci da magunguna ta ƙasar Amurka, wadda aka sani da sunan FDA, ta ba da sanarwa cewa za a cire babban gargaɗin da ke cikin takardar magungunan da ake bai wa mata bayan haila ta ɗauke musu. Tun shekara ta 2003 aka fara rubuta wannan gargaɗi, an kewaye shi da baƙin zane domin kowa ya gani. Yana faɗakarwa cewa maganin na iya jawo ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon daji na nono, da gushewar tunani irin na tsufa. Hukumar ta bar gargaɗi guda ɗaya, wanda ya shafi ciwon daji na mahaifa, ga matan da ke amfani da sinadari ɗaya tak cikin biyun da ake haɗawa.

Hukuncin hukumar Amurka ba doka ba ne a Nijar. Amma a zamanin yau labari yana riga likita isa gida ta wayar hannu, kuma yakan iso da rabinsa. Sabili da haka ya kamata ma'aikatan gwamnati, da iyayen gida, da duk wanda ya iya karatu su san abin da aka janye, da dalilin janye shi, da kuma abin da bai sake ba.

Mene ne ɗaukewar haila?

A cikin mace akwai ƙwai guda biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagun mahaifa. Ban da aikin haihuwa, suna zuba wasu sinadarai cikin jini waɗanda likitoci ke kira ormon. Manyansu biyu ne: estrojen da projesteron. In shekaru suka ja, ƙwan nan sukan rage aiki har su daina, haila kuma ta tsaya. In mace ta yi wata 12 cur ba ta ga jini ba, ba ciki ba kuma wata cuta, to haila ta ɗauke ke nan. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce ga mafi yawan mata wannan yana faruwa tsakanin shekara 45 da 55.

Ɗaukewar haila ba cuta ba ce, mataki ne na rayuwa, kuma mata da dama suna wuce shi ba da wata wahala ba. Amma ga waɗansu, ƙarancin estrojen yana zuwa da damuwa. Zafi yakan taso wa mace kwatsam daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta keto mata ko da sanyin hunturu ne, barci ya gagara. Wani dogon bincike da aka yi a Amurka, wanda aka buga sakamakonsa a 2015, ya nuna cewa ga matan da zafin ke yawan taso musu, yakan ɗauki kamar shekara 7, ga baƙaƙen matan Amurka kuwa kamar shekara 10. Ƙashi ma yana rage ƙwari, har faɗuwa kaɗan ta karya ƙugu. Sai kuma damuwar da aka fi ɓoyewa: fatar gaba takan yi siriri ta bushe, ta riƙa ƙaiƙayi da raɗaɗi, kwanciyar aure ta zama azaba, fitsari ya riƙa matsa wa mace yana ƙuna. Tashin zafi yakan lafa da kansa bayan shekaru. Bushewar gaba kuwa, in ba a yi magani ba, sau da yawa ƙaruwa take yi.

Yadda tsoro ya shigo

Dabarar maida wa jiki sinadarin da ya rasa ta daɗe. A 1942 Amurka ta yarda da ƙwayar Premarin, wadda ake tace estrojen ɗinta daga fitsarin goɗiya mai ciki. Cikin shekarun 1960 aka yi ta tallarta kamar maganin tsufa. A 1975 likitoci suka gano cewa estrojen shi kaɗai yana kaurara shimfiɗar cikin mahaifa har ta iya rikiɗa ta zama ciwon daji. Daga nan aka fara haɗa shi da sinadari na biyu, dangin projesteron, domin ya kare mahaifa.

Babbar girgiza ta zo a watan Yuli na 2002. Gwamnatin Amurka tana gudanar da wani gwaji mai suna WHI kan mata dubu 16 da 608, masu shekara 50 zuwa 79. An ba rabinsu ƙwayar da ta haɗa sinadaran biyu, rabi kuma aka ba su ƙwaya marar magani. Bayan kamar shekara 5 aka tsai da gwajin tun wa'adinsa bai cika ba. Lissafi ya nuna cewa cikin kowaɗanne mata dubu 10 masu shan maganin, a kowace shekara ana samun ƙarin mutum 8 masu ciwon daji na nono, da ƙarin 8 masu shanyewar ɓarin jiki, da ƙarin 8 waɗanda gudan jini ya toshe musu huhu, da ƙarin 7 masu ciwon zuciya. A ɗaya gefen, an sami ragin mutum 5 cikin masu karayar ƙugu, da ragin 6 cikin masu ciwon daji na hanji.

Gidajen rediyo da jaridu suka ɗauki labarin, miliyoyin mata suka jefar da maganinsu, likitoci da yawa suka daina rubuta shi. A 2003 hukumar FDA ta sa baƙin gargaɗin nan bisa kowane magani mai estrojen.

Kuɗin goro

A nan ne kuskuren ya samo asali. Gwajin WHI ya auna ƙwaya iri ɗaya ce ta haɗiya, kan matan da matsakaicin shekarunsu 63 ne, da yawansu sun fi shekara 10 da ɗaukewar haila. Amma gargaɗin ya yi wa dukan magungunan kuɗin goro, alhali kuwa hanyoyin ba da estrojen uku ne, kuma ba a taru an zama ɗaya ba.

Hanya ta farko ita ce ƙwaya ta haɗiya. Daga hanji maganin yana bi ta hanta kafin ya watsu cikin jiki. Hanta kuwa, in estrojen mai yawa ya ratsa ta a lokaci guda, sai ta ƙara sarrafa abubuwan da ke daskarar da jini. Daga nan hatsarin gudan jini ke tasowa.

Hanya ta biyu ita ce ta fata: mai mai santsi da ake shafawa a hannu ko cinya sau ɗaya a yini, ko filasta da ake mannawa a mara ko ɗuwawu a sake ta sau ɗaya ko sau biyu a mako, ko kuma na feshi. Maganin yana ratsa fata ya shiga jini kai tsaye, ba tare da ya fara ya da zango a hanta ba. Yana kaiwa ko'ina cikin jiki, yana kashe tashin zafi, yana kare ƙashi.

Hanya ta uku ita ce ta wurin ciwon kansa: ɗan mai kaɗan, ko ƙaramar ƙwaya, ko zobe mai laushi da ake sawa cikin gaba. Awonsa ƙanƙane ne ƙwarai, aikinsa yana tsayawa a wurin, abin da ke tsallakawa cikin jini kuwa bai taka kara ya karya ba.

Jama'a suna kiran hanya ta biyu da ta uku duka "maganin shafawa", amma tsakaninsu akwai rata mai faɗi. Wanda ya gane wannan bambanci ya gane rabin maganar.

Abin da aka gano a Faransa da Ingila

Faransa ce ta riga sauran ƙasashe bin hanyar fata. Tun cikin shekarun 1970 likitocinta ke rubuta man Oestrogel, filasta kuwa ta fito a Amurka a 1986 da sunan Estraderm. Tun da matan Faransa da yawa suna shafawa ne, masu bincike sun sami damar gwada hanyoyin biyu. Ƙungiyar Pierre-Yves Scarabin, na cibiyar binciken lafiya ta Inserm, ta buga sakamakon bincikenta mai suna ESTHER a 2003 da 2007: masu haɗiyar estrojen sun fi waɗanda ba su shan komi hatsarin gudan jini kusan ninki 4, masu shafawa kuwa ba a ga hatsarinsu ya ƙaru ba. A 2019 masu bincike na jami'ar Nottingham a Ingila suka duba takardun mata sama da dubu 80 waɗanda gudan jini ya kama, suka iske abu ɗaya.

Sai dai masana da kansu suna jan hankali cewa waɗannan bincike na bin diddigin takardun marasa lafiya ne, ƙarfinsu bai kai na gwajin da ake raba mata kashi biyu da ƙuri'a ba. Duk da haka sakamakon ya yi ta maimaita kansa, har ya zama a Faransa da Ingila hanyar fata ake fifita wa mace mai ƙiba ko wadda ake tsoron daskarewar jininta.

An kuma sake tace lissafin WHI bisa shekaru. Aka ga cewa matan da suka fara magani kafin su cika shekara 60, ko cikin shekara 10 na farko bayan ɗaukewar haila, hatsarinsu ya yi ƙasa ƙwarai da na waɗanda suka fara da tsufa. Wannan ma'auni ne hukumar FDA ta ce a rubuta cikin sabuwar takardar magungunan.

Game da maganin da ake sawa cikin gaba, shaida ta fi ƙarfi. A 1993 likitoci biyu, Raz da Stamm, suka gwada man estrojen kan mata 93 da ciwon mafitsara ke yawan dawo musu. Waɗanda aka ba mai marar magani sun ci gaba da kamuwa kusan sau 6 a shekara, waɗanda aka ba na gaskiya kuwa kamar sau ɗaya cikin shekara 2. Dalili shi ne, estrojen yana maida wa fatar wurin kaurinta da danshinta, ƙwayoyin halitta masu tsaron wurin su dawo, miyagu su rasa mazauni. A 2022 Ingila ta yarda a sayar da ƙaramar ƙwaya mai suna Gina ba tare da takardar likita ba, ga mace mai shekara 50 ko fiye wadda ta shekara ba ta ga haila ba, bayan mai farmasi ya yi mata tambayoyi. Shekaru da yawa ƙungiyoyin likitocin mata na Amurka suna kukan cewa mace takan sayi wannan ɗan magani, ta buɗe takarda ta ga sunan ciwon daji da gushewar tunani, ta tsorata ta ajiye shi. Kan wannan sashe, janye gargaɗin ya sami yabo daga kusan kowa.

Inda hatsari ya rage

Kan maganin da ke shiga jini kuwa, ko na haɗiya ko na fata, likitoci da dama sun ce tsugune ba ta ƙare ba, har waɗansu suna ganin hukumar ta yi gaggawa. Suna da hujja.

Na farko, bin fata ba ya kare mahaifa. Duk macen da ke da mahaifarta, in tana shafa estrojen mai shiga jini, dole ne a haɗa mata da projesteron. Wadda aka yi wa aiki aka cire mata mahaifa ce kaɗai ke iya amfani da estrojen shi kaɗai.

Na biyu, bin fata ba ya kawar da zancen nono. A 2019 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga wani babban lissafi da ya tattara bincike na ƙasashe da yawa. Ya ƙiyasta cewa in mata suka fara maganin haɗi na kullum suna da shekara 50, suka yi shekara 5 a kansa, za a sami ƙarin mutum ɗaya mai ciwon daji na nono cikin kowaɗanne 50 a tsawon shekara 20. Ga masu estrojen shi kaɗai, ɗaya ce cikin 200. Ba a ga bambanci tsakanin haɗiya da shafawa ba. Wanda ake sawa cikin gaba ne kaɗai lissafin ya keɓe.

Na uku, akwai matan da maganin mai shiga jini bai dace da su ba: wadda ta taɓa ciwon daji na nono ko na mahaifa, wadda ta taɓa gudan jini ko shanyewar ɓarin jiki, mai ciwon hanta mai tsanani, da wadda ke zubar da jinin da ba a san dalilinsa ba. Wadda ta yi ciwon nono, ko ɗan maganin gaba ma sai da shawarar likitan da ke bin ciwonta.

Na huɗu, abin da aka shafa a fata yana iya naso zuwa fatar wani. A 2010 hukumar FDA ta yi faɗakarwa bayan an ga yara ƴan shekara 3 zuwa 5 sun fara ƙirgar dangi sabili da cuɗanya da fatar matan da ke fesa estrojen a hannu. A gidajen da kaka ce ke goyo, ita ke wanka, ita ke kwana da jikoki, wannan faɗakarwa tana da nauyi. Ana wanke hannu bayan shafawa, a bari wurin ya bushe, a rufe shi da tufa, kuma ba a shafa shi a nono.

Halin da ake ciki a Nijar

Shekaru da yawa ƙarfin ma'aikatar kiwon lafiya ya tafi ne ga mai ciki da mai jego da jariri, kuma haka ya dace, domin a nan rayuka suka fi salwanta. A 2005 gwamnati ta yafe kuɗin aikin fid da jariri, a 2006 ta yafe kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Amma lokacin samun ƴancin kai, a 1960, matsakaicin tsawon rai a Nijar bai kai shekara 40 ba, yanzu kuwa ya haura 60. Ma'ana, matan da ke rayuwa shekaru masu yawa bayan haihuwar auta suna ƙaruwa, kuma macen da ta saba zuwa awon ciki shekara da shekaru, ran da haila ta ɗauke mata sai ta rasa ƙofar da za ta ƙwanƙwasa.

Kunya tana ƙara rufe ƙofar. Uwar gida mai surukai da jikoki ba ta iya buɗe baki ta gaya wa ɗan saurayin ma'aikaci cewa kwanciyar aure tana yi mata ciwo. Maigida kuma, da ba a yi masa bayani ba, sai ya ɗauka ƙi ne ko raini, zaman shekara 30 ya fara tsami. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: masu tallar kayan mata da masu yawo da magani a faranti su ne ke cike gurbin. Abin da ake cusawa mai kaifi ko mai busarwa, ga fatar da ta riga ta yi siriri, ƙarin rauni ne.

Akwai kuma tunanin cewa abin shafawa ba ya cutarwa tun da ba a haɗiye shi ba. Man sauya launin fata ya isa misali. Da yawansu suna ɗauke da wani sinadari dangin ormon da ake kira kortikoyid, wanda ke ratsa fata ya shiga jini, ya iya jawo hawan jini da ciwon suga. Fata ƙofa ce. In man estrojen ya faɗo kasuwa da sunan maganin maida tsohuwa yarinya, ana shafa shi ba awo ba projesteron, ɓarnar za ta bayyana ne a mahaifa bayan shekaru.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa hukunci. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce awo 40 a Tawa da Maraɗi da Damagaram. Zufa tana ɓamɓare filasta, zafi kuma yana lalata maganin da ya yini a rana. Ga kuma kuɗi: maganin nan na wata da watanni ne, ba na kwana uku ba, kuma in aka daina, damuwar takan dawo.

Abu ɗaya ya fi duka gaggawa, kuma ba ya bukatar jiran kowane sabon magani. Jinin da mace ta gani bayan ta shekara ba haila, ko ɗigo ne, ba dawowar ƙuruciya ba ne. Sau da yawa dalilinsa mai sauƙi ne, amma yana iya zama alamar farko ta ciwon daji na mahaifa ko na bakin mahaifa, wanda ake iya warkarwa in an kama shi da wuri. Mace takan tambayi malami hukuncin sallarta da wannan jini, kuma daidai ne. Malamin da ya amsa mata, ya ƙara da cewa ta tafi likita cikin makon nan, ya yi mata alheri biyu. Gidan haihuwa na Issaka Gazobi da cibiyar yaƙi da ciwon daji suna Yamai, cibiyoyin lafiyar uwa da yaro suna manyan biranen jihohi, ƙananan gidajen likita kuma suna iya tura mace can.

Abin da ya kamata

Ga magabata, aikin farko na horo ne. Ungozomomin likita su ne mata suka saba da su, su ne kuma za a fi sakin jiki da su, domin ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. In aka koya musu su riƙa tambayar mace mai shekara 45 zuwa sama game da barcinta, da fitsarinta, da zaman aurenta, a keɓe kuma da ladabi, maganganu da yawa da aka binne za su fito. Aiki na biyu shi ne a duba yiwuwar samar da ɗan maganin gaba ta hanyar ofishin magunguna na ƙasa, ONPPC, da farashin da talaka zai iya, tun da shi ne mafi ƙarancin hatsari, kuma rage ciwon mafitsara yana rage shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta barkatai. Aiki na uku shi ne a tsare maganin mai shiga jini a hannun likita, wanda zai auna jini, ya duba nono, ya tambayi tarihin gida, ya kuma sake ganin mace aƙalla sau ɗaya a shekara.

Ga iyalai kuwa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wadda ba ta iya ba. Macen da ke wuce wannan mataki lafiya ba ta bukatar magani. Wadda ke wahala kuma ta sani cewa abin da ke damunta yana da suna kuma yana da magani. In aka rubuta mata na shafawa, ta yi tambaya uku kafin ta bar ɗakin likita: wannan yana shiga jini ne ko yana tsayawa a wurin, ana haɗa shi da na kare mahaifa ko ba a bukata, kuma yaushe za ta dawo a sake duba ta. Matambayi ba ya ɓata.